Inda munka kwana bakin teku, ni da Baba

Ni malamin yaƙi da jahilci ne cikin wani ƙauye na jihar Maraɗi. Ran nan muna cikin aji, muna koyon baƙin "t", sai na rubuta bisa allo: tuwo, tulu, teku. Tuwo da tulu kowa ya san su. Da munka kai teku, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, an ce kai ka je ka gano shi. To, talaka kamarmu in ya je can, ina za shi kwana?" Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, don wurin kwanan nan shi ya fi ba ni wuya cikin tafiyar duka, kuma shi ya ci mini kuɗi. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarin, kowa shi karanta da kanshi.

Ba don kaina na yi tafiyar ba, don Baba ne. Shekarunshi sun haura 70, kuma yanar ido ta fara rufe mishi gani. Lokacin ƙuruciyarshi ya kora shanu kudu, ya ƙetare Kwara a Gaya, ya kai har Paraku cikin ƙasar Benin, wadda tsofaffi ke ce ma Dahome. Nan ya juyo. Abokan tafiyarshi da sunka zarce sun komo suna ba shi labarin wani ruwa wanda ba a hangen ƙetarenshi. Tun daga nan abin shina ranshi. Kakar 2022, bayan mun gama roron wake, ya kira ni ya ce: "Kai, in za ka kai ni, kai ni bana. Baɗi ban san abin da idon nan za shi bar mini ba." Munka sayar da raguna biyu da waken da ya rage bayan na ci. Aji bai buɗe ba tukuna, sai munka tashi cikin watan Disamba.

Hanya ba zan daɗe kanta ba. Daga Maraɗi sai Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya. Munka hau gada munka sauka Malanbil, daga nan Kandi, Paraku, har Kwatano. Daga gadar zuwa Kwatano kaɗai ya fi kilomita 700. Kwana biyu munka yi cikin mota. Kuɗinsu sefa ne irin namu, ba mu yi canji ba.

Masaukinmu na farko ba mu munka zaɓe shi ba, zumunci ya zaɓa mana. Ɗan ƙanwar Baba shina unguwar Zongo ta Kwatano, shina fataucin albasar Galmi. Ya tarbe mu tasha, ya ba mu ɗakin zaure, ya sa anka dama ma Baba fura. Zongo kam kamar gida take. Hausa ake yi, masallaci shina kusa, mai shayi shina bakin ƙofa. Ba mu biya ko dala ba. Duk wanda za shi je Kwatano don ciniki ko don jinya, ban san wurin da ya fi mishi Zongo ba.

Sai dai mu ba ciniki ya kai mu ba. Cikin Zongo babu teku. Bango ne, da kwano, da ƙarar ƴan kabu-kabu masu rigar ruwan ɗorawa, waɗanda can ake ce ma zemijan. Alhaji mai aiki ne, tun asuba shina kasuwa. Ran kwana na biyu ya samu sarari bayan la'asar, ya ɗauke mu cikin mota ya kai mu bakin ruwa. Kafin mu fita cikin cunkoso rana ta kusa faɗuwa. Ni na ga teku, har gabana ya faɗi. Baba kuwa ya tsaya, ya kare goshi da hannu, ya daɗe, kana ya ce: "Ina jin shi, amma hazo nike gani." Idonshi da safe ya fi gani. Can na gane in dai ana so shi ga abin da ya zo gani, sai ya kwana kusa da ruwan, safiya ta waye mishi nan.

To, ƙaƙa za ka ce ma mutumin da ya yanka maka kaza za ka bar gidanshi ka je ka biya kuɗin ɗaki? Ku kun san nauyin wagga magana. Na kwana ina juya ta ban samu bakinta ba. Baba ne ya warware. Da safe ya ɗauki babbar rigarshi ta salla da jakarshi, ya miƙa ma Alhaji, ya ce: "Aje mini waɗanga. Za mu je mu gaida ruwa kwana kaɗan mu komo gida." Alhaji ya ce: "Kawu, ai sai mutane su ce na kore ka." Baba ya ce: "Wanda anka kora shina barin rigarshi?" Alhaji ya yi dariya, magana ta mutu.

Masauki na biyu ni na zaɓe shi, kuma nan ne kunyata take. Wani yaron gidan ya nuna mini hotunan otal-otal cikin salula. Na ga wani a Fijirose, wata unguwa ta bakin teku yamma da gari, kusa da filin jirgin sama. Cikin hoton ga gado fari, ga taga buɗe, ga ruwa shuɗi ta cikin tagar. Dare guda jika 20. Na ji tsada, amma na ce ma kaina sau nawa Baba za shi zo nan? Na sa yaron ya tura kuɗin kwana biyu ta salula, jika 40, tun ban taka wurin ba.

Da munka isa, mai aikin ya kai mu wani ɗaki na ƙasa. Na buɗe taga, sai ga bango, da injin wuta jingine da shi. Lakkwal ta firamare kaɗai na yi, amma Faransancina ya isa in tambaya. Na nuna mishi hoton. Ya ce: "Mushe, wancan ɗakin shina bene na biyu, kuma kuɗinshi dabam ne." Ko da ina da kuɗin, gwiwar Baba ba ta hawan bene. Ranar kuma Asabar ce. Bakin ruwan Fijirose wurin shaƙatawar mutanen birni ne. Rumfuna jere, ana cin kifi, ana shan giya, kiɗa na tashi daga kowace rumfa. Ban ga laifinsu ba, garinsu ne, sun yi aikin mako sun zo hutawa. Amma tsoho ɗan ƙauye bai runtsa ba. In kiɗa ya lafa injin ya ɗauka, in injin ya lafa jirgin sama ya wuce bisa kanmu. Da asuba na iske shi zaune bisa buzunshi. Ya ce: "Malam, hoto ka saya." In Baba ya ce mini Malam, na san ba yabo ba ne.

Na je neman kuɗin dare na biyu. Mai aikin bai yi gardama ba, ya nuna mini wata takarda manne bayan ƙofa. An rubuta cewa kuɗin da anka biya ba su komowa, abincin safe ba shi cikin kuɗin ɗaki, kuma wanda ya wuce ƙarfe 12 na rana cikin ɗaki za a lissafa mishi wani kwana. Yaron gidan Alhaji ya ce mini daga baya ashe maganar tana rubuce ƙarƙashin hoton ma, da ƙananan baƙaƙe. Ni da nike ce muku kullum kada ku dangwala yatsa bisa takardar da ba ku karanta ba, ni ne na biya kana na karanta. Baba ya ce ba za shi ƙara dare nan ba ko kyauta. Munka fita, jika 20 sunka tafi banza, kusan kuɗin buhun hatsi a kakar waccan shekara.

Bakin hanya Baba ya tambaye ni: "In za a sauke garke, aike ake yi ko zuwa ake yi?" Na ce zuwa ake yi. Ya ce: "Da dare ko da rana?" Na ce da rana. Ya ce: "To, mu je da rana." Wani direba ya gaya mana in shiru muke so mu tafi Garan Popo, kamar kilomita 80 yamma da Kwatano, dab da iyakar Togo. Munka shiga motar haya. Tsakiyar hanya munka wuce Wida, garin da anka riƙa fitar da bayi zuwa ƙetaren teku, har da Hausawa cikinsu waɗanda anka kai Barazil. A 1995 an gina wata babbar ƙofa bakin ruwan don tunawa da su.

Garan Popo doguwar tungar rairayi ce. Kudu teku, arewa kogin Mono da fadamunshi, tsakani itatuwan kwakwa da gidajen masunta da ƙananan masaukai. Baƙo makaho ne ko da idonshi, balle mu da ido uku ne tsakaninmu. Allah ya haɗa mu da wani mai tsire ɗan ƙasar Tawa wanda ya daɗe garin, shina jin yarensu. Ya rufe tukubarshi ya raka mu. Ban taɓa zuwa garin da babu mai tsire ɗan gida ba, kuma ina ba ku shawara ku fara nemanshi kafin ku nemi ɗaki.

Wuri na farko da ya nuna mana ya tafi da hankalina. Bukkoki ne masu kyau dab da ruwa, kana kwance kana ganin igiya. Baba bai ko leƙa ɗakin ba. Ya zagaya gaba da sandarshi shina tsokanar ƙasa. Ya iske wani layi na shara, da ɓawon kwakwa, da guntayen igiya, taku kaɗan daga ƙofa. Ya ce: "Wa ya share shara ya jera ta haka?" Mai tsire ya ce: "Ruwa ne, Baba." Ya lalubi gindin wata kwakwa, ya ji saiwoyinta waje. Ya ce: "Masu garin ina suke kwana?" Anka nuna mishi can baya, bayan itatuwa. Ya ce: "Ni ba ni kwana gaban masu gari."

A nan na koyi abin da ban sani ba. Teku ba tabki ba ne mai zama wuri guda. Cikin yini da dare sau biyu shike hawa, sau biyu shike sauka. Hawan ya fi ƙarfi sa'ad da wata ya cika da sa'ad da ya ɓace. Bayan haka kuma shina cin ƙasa, kamar yadda ƙorama ke cin bakin gona, sai dai shi ba shi jiran damina. Ya cinye wani yanki na tsohon garin Garan Popo. Abin da ya rage na gidajen fataken Turawa na da, kangaye ne. Watakila da mun kwana cikin bukkar nan ba abin da za shi same mu, mutane na kwana ciki. Amma mutumin da ya taɓa ganin ƙorama ta tafi da maruƙa cikin dare, ba ka iya lallashinshi.

Wuri na biyu shina wajen kogi. Ya fi arha, ga inuwa, ga sanyi. Baba ya tsaya tsakar gidan ya ce iska ba ta motsi. Ya sa na duba bangon ɗaki. Na ga ɗigon jini inda masu kwana sunka riƙa kashe sauro. Sange kuwa duk ɓula. Ya ce: "Ban sayar da rago don in sayi zazzaɓi ba." Iskar teku tana rage sauro, amma inda itatuwa da ruwan kwance sunka tare ta, nan suke taruwa.

Na uku gidan wata tsohuwa ne, matar masunci, mijinta ya rasu. Ɗakuna uku ta gina na baƙi cikin gidanta, bayan layin kwakwa. Ba allo bakin ƙofa, ba hoto. Na ƙirga taku daga ƙofarta zuwa inda rairayi ya jiƙe, na samu 230. Ɗakin na ƙasa ne, tagarshi tana duban kudu, iska na shiga. Kwado da ƙarfen taga duk sun yi tsatsa, na nuna ma mai tsire. Ya ce haka kowane ƙarfe shike nan, gishirin da ke cikin iska ke cin shi, ba ƙazanta ba ce. Baba ya ce a ɗebo mishi ruwan rijiya. Ya kurɓa, ya furzar, ya ce da gishiri-gishiri. Tsohuwar ta yi dariya ta ce wannan na wanka ne, na sha daga famfo ake kawowa cikin jarka. Ya tambayi inda gidan likita shike, anka ce ba nisa, kabu-kabu na kai mutum. Tambayarshi ta ƙarshe ita ce: "Ita mai gidan, nan take kwana?" Anka nuna mishi ɗakinta, ƙofa na duban ƙofa. Sai ya shimfiɗa buzunshi.

Nan ne ni ma na yi amfani. Na tsaga takarda daga littafina, na rubuta abin da munka shirya, ta bakin mai tsire. Ɗaki jika 6 kowane dare, dare huɗu. Abincin mutum biyu jika 2 da rabi kowace rana. Ruwan sha da wanki dala 100 kowace rana. Na rubuta kuma ba naman alade, ba manja da yawa, tonka kaɗan saboda cikin tsoho. Na yi biyu, ɗaya da Hausa tawa, ɗaya da Faransanci tata. Jikanta ɗan lakkwal ya karanta mata, ta yarda. Ban ba da kuɗi duka ba, na biya dare guda na ce sauran sai mun ga safiya.

Daren nan ba kiɗa, ba inji. Sai tekun kaɗai, kamar hadari shina cida nesa bai iso ba. Baba ya yi barci har da minshari. Da asuba munka yi salla tsakar gida, teku shina hannunmu na dama. Gari na fara wayewa na kama hannunshi munka bi tsakanin kwakwa. Munka tsaya bisa tudun rairayi. Rana ta fito daga hagu, haske ya kwanta bisa ruwan. Na yi shiru ina jira. Can ya ce: "Ga wani farin abu nan shina tasowa shina faɗuwa." Na ce igiyar ruwa ce. Ya ce: "Bayanta fa?" Na ce ruwa. "Bayan shi fa?" Na ce ruwa ne, Baba, har inda ya haɗu da sama. Ya daɗe tsaye. Kana ya ce: "Ashe ba su yi mini ƙarya ba."

Abin da ya fi yi mishi daɗi cikin kwanakin nan shi ne jan taru. Da sassafe masunta ke shiga jirgi su kai tarun can cikin ruwa, su bar bakin igiya biyu a tudu. Sai mutane su jeru, maza da mata da yara, suna ja suna waƙa, taku guda baya, taku guda baya. Aikin sa'o'i ne. Baba ya ce wannan ai gayya ce. Ran kwana na biyu ya aje sanda ya kama igiya can ƙarshen layi. Ba wanda ya hana shi. Da taru ya fito anka ba shi kifi ƙanana guda biyar, rabon wanda ya ja. Ya kawo ma tsohuwar cikin hularshi. Ta soya, munka ci da akasa, wani tuwon masara mai tsami-tsami. Da muna cikin otal da bene, da ba mu san ana wannan ba.

Ni kuwa na kusa jawo mana baƙin ciki. Na iya iyo, na yi shi tabkin Madarunfa tun ina yaro. Wata la'asar na naɗe wando na shiga har gwiwa. Igiya ta zo ta buge ni, ban faɗi ba. Amma da ruwan ya juya za shi koma, sai na ji rairayi na zarewa ƙarƙashin ƙafata, kamar ana jan tabarma. Na faɗi zaune, ya ja ni. Wani saurayi masunci ya sheƙo ya cafke wuyan rigata. Ya yi ta faɗa da yarenshi, ban ji ko kalma guda ba, amma na gane duka. Gaɓar tekun nan gangare gare ta, ruwan da ke komawa ya fi mai zuwa haɗari, kuma shina cin mutane, har waɗanda sunka iya iyo. Bakin ruwan otal ɗin Fijirose ban san ko wani za shi lura da ni ba cikin taron nan. Nan kuwa kowa ya san mu baƙin tsohuwa ne, ido shina kanmu. Ban gaya ma Baba ba. Da dare ya ce: "Rigarka tana warin gishiri." Na yi shiru, shi ma bai ƙara ba.

Ran tashi na haɗa lissafi bisa takardar, na rubuta jika 35 duka. Na cika ma tsohuwar abin da ya rage, na ce: "Mama, mun gode." Ta ba Baba kifi banda cikin ganye. Shi kuma ya cika kwalba da ruwan teku. Munka koma Zongo, ya karɓi rigarshi, ya ba Alhaji kifin tsaraba. Munka ƙara kwana biyu nan don kada a ce mun ci mun gudu. Ruwan kwalbar bai yi wata guda gida ba, maƙwabta sun ƙare shi da ɗanɗano. Yanzu idon Baba na hagu ya rufe sarai.

Takardar nan tana nan wurina. Ranar da dattijon nan ya yi mini tambaya, na kawo ta aji washegari, na kwafe ta bisa allo don mu yi lissafi da ita. Ɗaki jika 6 sau huɗu, jika 24. Abinci jika 2 da rabi sau huɗu, jika 10. Ruwa dala 100 sau huɗu, jika 2. Wata mata da ke zama baya, wadda bara ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta ƙirga bisa allonta ta ce: "Malam, ni 36 na samu." Na sake haɗawa. Gaskiyarta. Jikan tsohuwar ya karanta mata sharuɗɗa, amma jimillar ƙarshe ba wanda ya duba ta sai ni. A 2023 anka rufe gadar Gaya, kuma tun daga tafiyar nan ban sake komawa ba. Na ware jika guda na sa cikin littafin tare da takardar, kuma na aika ma Alhaji saƙo, in ya ji mai zuwa Garan Popo shi gaya mini, in kwatanta mishi tukubar mai tsire.